TADA ZAUNE TSAYE: LAIFIN DA YA GIRME MU DUKA



Tun da munka yi shirin nan kan saƙon murya na WhatsApp, wanda muke ce ma vocal, tambaya guda ke ta dawo muna: wai da gaske mutum na iya shiga kaso don ya tura magana a salula? E, da gaske ne. Amma abin ba yau ya fara ba, shi ya sa munka ce bari mu koma baya kaɗan.

Zamanin Nasara akwai wata doka da ake kira indigénat. A ƙarƙashinta kumandan na iya rufe talaka har kwana 15, ya ci shi tara har tamma 100, wato dala ashirin, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Cikin laifuffukan har da raina wakilin hukuma da faɗin maganar da za ta rage ma Faransa kwarjini. To wa ke auna rainin? Kumandan ɗin da aka ce an raina. Sau da yawa ma bai jin Hausa, abin da tafinta ya juya mishi shi ne gaskiya. Ku riƙe wannan zance na tafinta, za mu sake gamuwa da shi. An soke dokar a 1946, shekara guda kafin Nasara su kafa bariki a Dakwaro.

Nasara sun tafi, hannun da ke rufe baki bai tafi ba. A watan Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, ƙasa ta koma hannun RDA ita kaɗai har juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974. Tsofaffinmu na ba da labarin lokacin da ake rage murya a majalisa in baƙon fuska ya zauna. Rediyo guda ce, ta gwamnati. Sai da aka kashe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka yi taron ƙasa na 1991, sannan jaridu da rediyoyi masu zaman kansu sunka samu hanya. Mu da ke riƙe da makirho yau, albarkacin wancan jini muke ci.

Ko bayan haka an ci gaba da kamu. Moussa Kaka na rediyo Saraounia ya yi sama da shekara a tsare, daga Satumba 2007 zuwa Oktoba 2008. A watan Yuni 2010, zamanin Salou Djibo, aka fito da dokar da ta hana ɗaure ɗan jarida saboda abin da ya rubuta ko ya faɗa cikin aikinshi, sai dai tara. Mun yi murna, mun ɗauka an gama.

Ashe akwai wata ƙofa. Ranar 3 ga Yuli 2019 aka sa hannu kan dokar laifuffukan intanet. Aya ta 31 ta ce duk wanda ya watsa abin da ka iya tada hankalin jama'a, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ne, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Wannan ba ta 'yan jarida ba ce kawai. Ta shafi mai shayi, ta shafi makiyayi, ta shafi uwargida da ta tura vocal cikin gurup ɗin biki. A watan Maris 2020 aka kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda don ya rubuta cewa akwai wanda ake zargi da cutar korona a wani asibitin Yamai. Yana tsare gwamnati ta bayyana mutum na farko da ya kamu, ranar 19 ga wata. Ya fito da hukuncin wata 3 na jeka-ka-gyara-halinka. A 2022, zamanin Bazoum, an cire ɗauri daga laifin zagi da ɓata suna. A watan Yuni 2024 hukumomin soja sunka maido shi, shekara 1 zuwa 3, shi kuwa tada hankalin jama'a aka kai shi shekara 2 zuwa 5.

Kada a ce mun ɗauki gefe guda. Magana na ƙona gari, kuma mun gani da idonmu nan Maraɗi. A tsakiyar watan Yuni 2019 aka kama Sheikh Rayadoune, limami a unguwar Zariya, bayan ya soki dokar tsara harkokin ibada da majalisa ke shirin zaɓe, ya ce ta saɓa ma Musulunci. Daren nan matasa sunka fito, aka ƙona taya a kan titi, aka cinna ma majami'ar Assemblées de Dieu wuta. Kashegari aka sako malam, ya nemi magoya bayanshi su kwantar da hankali, ya kuma ce waɗanda sunka juya mishi takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne sunka ɓatar da shi. Kun ga tafinta ya dawo.

Wannan labari ya daɗe yana damunmu. Huɗubar ce ta tada garin ko kamun? Masu majami'ar ba su yi huɗuba ba, ba su yi kamu ba, su ne sunka kwana cikin toka. Kuma tushen abin duka takarda ce da mafi yawanmu ba mu iya karantawa. Mu da munka yi lakkwal da Faransanci ma sai mun maimaita aya sau uku kafin mu gane inda ta dosa, balle wanda ke kiwo a dajin Korahane.

A nan wajenmu kowa ya san lokacin haɗari: ƙarshen damina, hatsi bai gama shiga rumbu ba, bisashe sun fara gangarowa daga arewa. Vocal guda na ƙarya cewa an kashe wani a gona ya isa a zaro takobi kafin jandarma su taso daga Dakwaro. Wanda ya ƙirƙiri irin wannan, mu ba mu da ta cewa in hukuma ta riƙe shi. Damuwarmu ita ce aya guda ce ke hukunta shi, ita ce kuma ke iya hawa kan wanda ya ce rijiyar garinsu ta lalace wata shida ba a gyara ba. Dokar ba ta zana iyaka tsakaninsu ba, ta bar ma mai shigar da ƙara da alƙali su auna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu karanta ayoyin nan ɗaya bayan ɗaya da Hausa a cikin shiri, kuma muna neman wanda zai maimaita su da Fulatanci da Tamajeq. Mai tambaya ya aje ta nan ƙasa.