Kara da Aji: Tarihin Hanyoyin Tayar da Samari a Ƙasar Wudil

Duk wanda ya tashi daga Kano ranar Juma'a da yamma ya miƙi hanyar Maiduguri, tun bai kai Wudil ba zai fara karo da manyan motoci shaƙe da shanu, ƙahoni sun yi cirko-cirko, ga kuma samari zaune a kan katakon da aka gitta bisa kawunan dabbobin. Daga kasuwar kara suka fito, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. In ya shiga garin kuwa, sai ya tarar da waɗansu samarin dabam, masu rataye da jakar littattafai, 'yan jami'a da 'yan sakandare. Garuruwa kaɗan ne a ƙasar Kano suka haɗa waɗannan taruka biyu kusa da juna haka. Shi ya sa Wudil ta dace da a tsaya a cikinta a dubi wata tambaya wadda ta dami hukuma da iyaye a yau, watau ta wace hanya yaro yake zama mai cin gashin kansa, har a riƙa jin maganarsa cikin jama'a.

Kogi da hanya su suka yi Wudil. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa ne kafin su iso garin, sa'an nan ruwan ya nufi Haɗejiya, tsohuwar hanyar gabas kuma a nan take ƙetare shi. Inda duk aka sami mashigi, to, za a sami zango, inda aka sami zango kuwa kasuwa ba ta nisa. Ta fuskar sarauta, ƙasar ta daɗe a hannun Joɓawa, zuriyar su Malam Bakatsine na cikin shugabannin jihadi a Kano, waɗanda suka riƙe sarautar Makama. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 aka umarci hakimai su bar birni su tare a gundumominsu, sai Wudil ta ƙara zama matattara.

A wancan zamani ba a san saurayi ya fita neman aiki ba, domin aikin yana jiransa tun ran da aka raɗa masa suna. Ɗan manomi yana cikin gandun ubansa. Yakan yi aikin gandu da safe, da la'asar ya koma gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Uban kuma an ɗora masa ciyarwa da biyan haraji da yi wa ɗan auren fari. Watau dai gandu yarjejeniya ce mai hakki ta kowane ɓangare, kamar yadda Polly Hill ta nuna a binciken da ta yi a Ɓatagarawa da Ɗorayi. Ɗan masunci yana bin kwalekwale, ɗan maɗinki yana koyon zaren aska biyu da aska takwas tun hannunsa bai iya riƙe allura sosai ba. Ko shugabanci ma akwai inda ake koyonsa, gama samarin ƙauye suna da sarkinsu, shi ke kiran gayya, shi ke raba faɗa a dandali, shi dagaci ke nema in samari suka yi ɓarna.

To, amma babbar makarantar Wudil ita ce kara, kuma ta cancanci a daɗe a kanta.

Yaron da aka kai wa dillali ko fatoma ba ya fara da ciniki. Da riƙon igiya yake farawa, da ɗebo ruwa da harawa, da kwana a bakin turke. Cikin wannan wahala ne idonsa yake buɗewa. Yana koyon bambanta bunaji da rahaji, da bokoloji, da wadaran da ake korowa daga Barno. Yana koyon duban haƙori ya faɗi shekarun sa, ya dafa tozo da gadon baya ya ƙiyasta naman da mahauci zai samu, ya gane saniyar da ciwo ke ci a ɓoye ko da mai ita ya ƙoshe ta da dusa. Yana tsintar Fillanci, wani lokaci har da Barbarci da Larabcin Shuwa, don mai dabba ya fi sakin jiki da wanda ya gaishe shi da harshensa. In ya yi shekaru ba a kama shi da ƙarya ba, sai maigida ya fara barinsa ya sayar da akuya ko tunkiya, a gutsura masa wani abu daga cikin la'ada. Daga nan sai maraƙi, daga nan sai a haɗa shi da garke zuwa Kurmi. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da ƙafa ake wannan tafiya, ana ratsa dazuzzukan da ƙudan tsando ke kashe shanu, ko bayan zuwan jirgin ma ba a daina korar ba sai da manyan motoci suka yawaita. Wanda ya kai dukiyar mutane Ikko ko Ibadan ya komo da kuɗi cif, ya ci jarrabawar da ta fi kowace wuya.

Abin lura a nan shi ne, ba kuɗi ne babban abin da yaron yake samu wurin maigidansa ba. Suna yake samu. Cinikin shanu cinikin bashi ne, bashi kuwa sai da wanda zai tsaya. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta cewa shanu wajen 75,000 ake sayarwa a kasuwar garin kowace shekara, galibinsu kuma bashi ake ba mahauta Yarabawa, babu takarda, babu sa hannu, babu zuwa kotu. Abin da ya riƙe wannan dukiya duka shi ne lamunin maigida. Shi ya sauki baƙon da ya kawo shanu daga Arewa, yaransa suka yi dillanci, in mahauci ya gudu da kuɗi shi zai biya. Cohen ya kuma lura da cewa masu gidan su ke yi wa yaransu aure, su ba su ɗaki, har yaran su zama tamkar 'ya'yan cikinsu. Saboda haka ran da aka ce da baƙo, wannan yaron Alhaji wane ne, an ba saurayin jarin da ya fi fam ɗari. Da shi zai ɗauki sa bai biya ko anini ba, ya sayar, ya kawo uwar kuɗi, ya riƙe riba.

Wannan tsari bai tsaya a kara ba, shi ne ƙashin bayan fataucin Hausawa duka. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ta hanyar goro ta Gwanja ya taso. Da ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Turawa a 1918, bai yi aikin da ma'aikatan ofis ba, da yaransa ya yi, waɗanda yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka, da yawansu kuma suka zama attajirai masu yaran kansu kafin ya rasu a 1955.

Kada dai a ɗauka tsarin ba shi da aibu. Babu wa'adi a cikinsa. Maigida nagari yakan sallami yaronsa da jari, mugu kuwa yakan riƙe shi har furfura ta fito masa yana jan igiya, ba kuma inda zai kai ƙara. Wanda ba shi da mai kai shi, ba shi da ƙofar shiga. 'Yan mata ba su cikin lissafi sam, tasu makarantar ita ce farantin talla da adashin iyayensu mata, wanda shi ma lamuni ne, sai dai ba a cika rubuta tarihinsa ba. Mafi muni kuma, yaron wani ba ya musu da maigidansa, ko a ciniki ko a sha'anin gari. Tsarin yana fitar da attajiri, amma da wuya ya fitar da mai cewa a'a.

Makarantar boko ta zo wa Wudil da wata irin yarjejeniya. Tun kafin samun mulkin kai akwai kwalejin horon malamai a garin, sa'an nan Gwamnatin Jihar Arewa ta ajiye makarantar koyon sana'a, inda ake koyar da sassaƙa da gini da aikin ƙarfe. Yaron da aka ɗauka ana ciyar da shi, a ba shi tufafi da sabulu da kuɗin mota, in ya gama kuma aiki na jiransa a En'e ko a ma'aikatar ayyuka. In an duba da kyau, ba a rushe tsohon tsari ba, maigida aka sake. Gwamnati ce ta zama uban gandu, takardar shaida ta maye gurbin kalmar nan ta yaron wane. Hanyar ta fitar da mutane, babu shakka. Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1999 zuwa 2003 da kuma 2011 zuwa 2015, ya bi ta makarantar sana'a ta Wudil. Ibrahim Shekarau, da ya yi mulki tsakanin waɗannan zango biyu, a kwalejin fasaha ta Wudil ya koyar da lissafi a 1978. Shekara 16 ke nan a jere Jihar Kano tana hannun mutum biyu da suka taka ajin Wudil, ɗaya a benci, ɗaya a gaban allo.

Abin da aji ya bayar wanda kara ba ta bayar ba shi ne baki. Samarin da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, galibinsu sun ɗan taɓa boko, ƙananan ma'aikata ne da 'yan kasuwa, amma waɗanda suka ɗauki kiran zuwa kasuwannin ƙauye teloli ne da mahauta da 'yan koli, masu sana'ar hannu da ba su jiran albashin En'e, don haka ba a iya tsorata su da kora. Wannan haɗuwa ta mai takarda da mai sana'a ita ta ba siyasar talakawa ƙarfinta, ko da yake da yawa sun sha ɗauri da bulala a kanta. Ita ce kuma ta kai Muhammadu Abubakar Rimi, mutumin ƙasar Sumaila da ke kudu da Wudil, kujerar gwamna a 1979 yana da shekara 39, ya soke haraji da jangali. Ba sai an gaya wa mutanen kara abin da soke jangali yake nufi ba. Sai dai tun cikin shekarun 1950 ɗin ne kuma masu iko suka gane cewa tsarin maigida da yaro yana da amfani a siyasa, aka fara tara samari ana ba su na goro su tarwatsa taron abokan hamayya. Wannan gado bai mutu ba.

Sabon maigidan bai daɗe da ƙarfinsa ba. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, a shekarar ce kuma Wudil ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma, aka ɗebi ma'aikata. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sa'an nan gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP a 1986. Aka daina ɗaukar ma'aikata, darajar Naira ta zube, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Saurayin da ya bar gandu ya tafi makaranta ya komo ya tarar gonar an raba ta gado, gwamnatin da ta kira shi kuma ta juya baya. Bai iya duban haƙorin sa ba, ba kuma wanda zai ce yaronsa ne. Waɗansu suka faɗa kogi haƙar yashi, da yawa suka hau babur. Shi kansa aikin babur da na a-daidaita-sahu da ya biyo baya yana da maigida, amma irin wanda ya san balas ɗinsa kawai. Ba ya yi wa yaro aure, ba ya tsaya masa in ya yi karo.

Tun daga lokacin hukuma take ta neman abin da za ta cike gurbin da shi. An kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa a ƙarshen 1986, har ta fito da shirin tura matasa wurin masu sana'a, wanda shi ne ya fi kusa da gane bakin zaren. An wajabta darasin koyon kasuwanci a jami'o'i, an yi N-Power a 2016, a 2018 kuma aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Jihohi suna ta horar da matasa na 'yan makonni a raba musu keken ɗinki ko injin markaɗe. Kowa ya san inda waɗansu daga cikin kekunan suke ƙarewa, kuma ba lalaci ne kaɗai dalili ba. An ba yaro kayan aiki, ba a ba shi wanda zai aiko masa da ɗinkin farko ba, ko wanda zai ce da mai yadi ya ba shi bashi. An ba shi izinin tsayawa takara, amma kuɗin fom sai ya koma wurin wani Alhaji.

Wudil ta sami rabonta na manyan makarantu. Makarantar horon manyan 'yan sanda ta tare a can a 1996, aka ɗaga ta zuwa mai ba da digiri a 2012. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha ta buɗe a 2001, a 2022 kuma aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Shi mai sunan tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa. Ya yi karatu har Masar, amma sa'ad da ya fara kasuwanci a 1977, da bashin da ya samu a gidan kakanninsa ya fara, da kuma sunan gidan, wanda ya sa manyan 'yan kasuwa suka saurare shi yana ɗan shekara 20. Ɗalibin da ya fito daga jami'ar da ke ɗauke da wannan suna, in ya je banki neman jari, takardar fili za a tambaye shi. Tsaransa da ya yi shekara goma yana riƙon igiya, ranar Juma'a mai zuwa za a loda masa shanu cike da mota zuwa Ikko, a ce ya kawo kuɗin in ya komo.