FASHIN BAƘI: Yadda doka ta tsara ladabtar da ma'aikacin ƙaramar hukuma a Yauri, Ngaski da Shanga

Ƙananan hukumomi uku ne suka haɗu suka yi masarautar Yauri a kudancin Jihar Kebbi: Yauri mai hedikwata a Yelwa, Ngaski mai hedikwata a Wara, sai Shanga. Suna cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. A wannan yanki, kamar sauran sassan Najeriya, sau da yawa ma'aikaci kan fara sanin an ɗauki mataki a kansa ne a ƙarshen wata, lokacin da albashin abokan aikinsa ya shiga, nasa bai shiga ba. Alhali doka ta shimfiɗa matakan da dole a bi kafin a kai ga haka.

Wa ke da ikon hukunta wa?

A zamanin En'e, ɗaukar ma'aikaci da sallamarsa suna hannun sarki da majalisarsa. Gyaran fasalin ƙananan hukumomi na 1976 ne ya sauya wannan tsari, ya haɗe manyan ma'aikatan ƙananan hukumomin kowace jiha ƙarƙashin hukuma guda. Tun daga nan ikon ya rabu gida biyu. Ƙananan ma'aikata, daga matakin albashi na 01 zuwa na 06, irin su masinjoji, direbobi, masu gadi da ƙananan akawu, kwamitin da ke cikin ƙaramar hukumar ne ke duba lamarinsu. Daga mataki na 07 zuwa sama kuwa, ɗauka da ƙarin girma da sauyin wurin aiki da ladabtarwa duk suna hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi da ke Birnin Kebbi.

Ma'anar haka ita ce shugaban ƙaramar hukuma, komai ƙarfin kujerarsa, ba shi da hurumin korar babban ma'aikaci da baki ko da takardar da ya sa wa hannu shi kaɗai. Iyakarsa ya sa a tuhume shi, a bincika, a miƙa rahoto ga hukumar. Malaman firamare kuma layinsu daban: lamarinsu kan bi ta ofishin sakataren ilimi zuwa hukumar SUBEB.

Matakan da ake bi

Dokokin aikin gwamnatin tarayya su ne madubin da jihohi da ƙananan hukumomi ke kwaikwayo wajen tsara nasu. Matakin farko shi ne takardar tuhuma. Dole ta kasance a rubuce, ta fayyace laifin da ake zargi da ranar da aka yi shi, ta kuma ba ma'aikaci wa'adin mayar da amsa. Takardar da ta ce kawai "rashin ɗa'a", ba tare da faɗin abin da aka aikata ba, ba ta ba mutum abin da zai kare kansa a kai ba.

Idan amsar ba ta gamsar ba, kuma laifin mai girma ne, kamar sama da faɗi da kuɗin haraji, ƙirƙirar takardun bogi ko ƙaurace wa aiki ba izini, sai a kafa kwamitin bincike. A gaban kwamitin ma'aikaci na da haƙƙin ganin takardun da za a kafa hujja da su a kansa, da yi wa shaidu tambayoyi, da kawo nasa shaidun. Wanda ya kai ƙarar bai kamata ya zauna cikin masu yanke hukunci ba. Dokokin tarayya sun ƙayyade kwana 60 don kammala irin wannan bincike, sai fa idan lamarin ya shafi aikata babban laifi da ke gaban kotu.

Akwai dakatarwa iri biyu da mutane kan rikita. A ta farko ana janye ma'aikaci daga kujerarsa amma a ci gaba da biyansa rabin albashi. Idan aka wanke shi, a mayar masa da abin da aka riƙe. A ta biyu ana tsayar da albashin gaba ɗaya, kuma an tanade ta ne ga laifin da alamunsa suka riga suka fito fili. Dukkansu na wucin gadi ne. Dakatarwar da aka bari ta yi shekaru ba hukunci, ba wankewa, ta zama kora da aka sauya wa suna.

Hukuncin ƙarshe ya kama daga gargaɗi, jinkirta ƙarin albashi, rage girma, ritayar dole, har zuwa kora. Kora ce mafi muni, domin tana iya cinye wa mutum haƙƙoƙin barin aiki na shekarun da ya yi.

Inda yanayin ƙasar ke shiga

Ƙaurace wa wurin aiki na cikin laifuffukan da aka fi tuhumar ƙananan ma'aikata da su, kuma a nan ne sauraron bahasi ke da nauyi na musamman a gaɓar Tafkin Kainji. Tun da aka kammala madatsar ruwan a 1968, aka tayar da dubban mutane daga tsoffin garuruwansu, akwai ƙauyukan da jirgin ruwa ya fi mota saurin kai mutum cikinsu, musamman da damina. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse a kusa da Wara, mutane da dama suka rasu. A watan Yunin shekarar 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Ma'aikacin lafiya ko malamin gona da bai je bakin aiki ba a irin wannan lokaci yana iya zama malalaci, yana kuma iya zama mai uzuri na gaskiya. Rajistar sa hannu ba za ta bambance su ba. Takardar tuhuma da amsarta ce za ta bambance.

Haka ma tantance ma'aikata don tsame sunayen bogi. Aikin ya halatta, kuma kuɗin jama'a yake karewa. Amma cire sunan mutum daga takardar albashi don bai halarci tantancewa ba, ba tare da an rubuta masa ba, hukunci ne da aka zartar kafin a saurari mai shi.

Abin da kotuna suka ce

Najeriya ta taɓa ɗanɗana ɗaya hanyar. A 1975 gwamnatin Murtala Mohammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa ba tare da an saurare su ba, sannan Dokar Soja Mai Lamba 17 ta 1984 ta hana kotuna sauraron ƙarar waɗanda aka kora a ƙarƙashinta. Kotun Ƙoli kuwa ta bi wata turba. A shari'ar Shitta-Bey ta 1981 da ta Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, ta tabbatar cewa wanda doka ta tsara sharuɗɗan aikinsa ba a korarsa sai an bi waɗannan sharuɗɗa, in ba haka ba korar ta ɓaci, a mayar da shi kujerarsa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi haƙƙin a saurari mutum cikin adalci, kuma gyara na uku da aka yi wa kundin ya danƙa shari'o'in aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Kafin kotu akwai ƙofofi masu sauƙin kuɗi: ɗaukaka ƙara a rubuce ga hukumar jiha, ƙungiyar NULGE, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a 1975. Sai dai jinkiri na da haɗari. Dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku na shigar da ƙara, kuma hukunce-hukuncen kotuna sun sha bamban kan ko wa'adin ya shafi rikicin aiki.

Me jama'a ke da ikon sani?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar duk wanda ya nemi bayani, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Amma sashe na 14 ya kare fayil ɗin ma'aikaci daga tonawa, sai idan maslahar jama'a ta rinjayi sirrinsa. Don haka ɗan jarida ko mazaunin Yelwa na iya neman ƙa'idojin ladabtarwa, da adadin waɗanda aka dakatar ko aka kora, da kuɗin da aka ƙwato, ba lallai a buɗe masa takardun mutum ɗaya ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya umarci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya kuma haramta shugabannin riƙo. Hukuncin ya tsaya ne kan kuɗi da zaɓaɓɓun shugabanni. Ikon ladabtar da ma'aikacin mataki na 07 zuwa sama a Yauri, Ngaski da Shanga yana nan a Birnin Kebbi.