Shirye-shiryen karya tarihin bajinta a talabijin: yadda suke, da abin da kyamara ba ta nunawa

Duk mai riƙe da babbar waya da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: fili ya sha fitilu, 'yan kallo na tafi, wani ƙato na jan mota da haƙori ko yarinya na tsallen igiya kamar inji, a gefe kuma ga mutum cikin kwat riƙe da agogo da takarda. Da yawan waɗannan guntaye an yanko su ne daga shirye-shiryen talabijin na kundin bajinta na duniya, wato Guinness World Records. Tun 2023 da zazzaɓin kafa tarihi ya kama Najeriya ake ta muhawara a kai, daga Agege da Sabon Ibadan har zuwa teburan mai shayi a garinmu Kasuwan Magani da ke Kajuru a Kudancin Kaduna. Ga bayanin a tsare.

Asalin kundin

Musu ne ya haifi wannan kundi. A 1951 Sir Hugh Beaver, shugaban kamfanin giya na Guinness, ya fita farauta a ƙasar Ireland, sai gardama ta kaure kan wane tsuntsun farauta ne ya fi gudu a Turai. Aka duba littattafai ba a samu amsa ba. Daga nan ya ɗauko wasu tagwaye 'yan Landan, Norris da Ross McWhirter, su tattara irin waɗannan amsoshi wuri guda. Littafin farko ya fito a watan Agustan 1955.

Akwai masu ƙyamar abin saboda sunan giya da ke jikinsa. To a sani, tun 2001 masu giyar suka sayar da kundin, kuma daga 2008 yana hannun kamfanin Jim Pattison Group na Kanada. Suna ne kawai ya rage.

Yadda ya shiga talabijin

Shirin da ya yi fice da farko shi ne Record Breakers na BBC, wanda aka yi ta nuna wa yara daga 1972 zuwa 2001. Mai gabatarwa Roy Castle da kansa yakan shiga fili ya gwada karya tarihi, tagwayen McWhirter kuma su amsa tambayoyin yara da ka, ba duba littafi. A Amurka tashar Fox ta yi nata, Guinness World Records Primetime, daga 1998 zuwa 2001. Italiya na da Lo Show dei Record a tashar Canale 5 tun 2006, kuma daga nan ne bidiyoyi da dama da ke yawo a Facebook da TikTok suka fito. Masu kallon finafinan Indiya kuwa sun san Preity Zinta. Ita ce ta gabatar da na ƙasarsu, Ab India Todega, a tashar Colors a 2011.

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Za a gabatar da mai gwaji da ɗan labarin rayuwarsa, a nuna adadin da ake son ya wuce, alƙalin kundin ya karanta dokoki, a ƙirga uku a fara. In ya ci, nan take a miƙa masa takardar shaida. In ya faɗi, a tafa masa ya sauka. Talabijin ya fi son bajintar minti ɗaya ko biyu, don ba mai zama ya kalli girkin kwana huɗu.

Abin da ba a nunawa shi ne, kafin a kunna fitilun nan an riga an gama rubuce-rubuce, an amince da dokoki, an auna kayan aiki. Nan ne mutanenmu da yawa ke zamewa.

Darasin Hilda Baci

Daga 11 zuwa 15 ga Mayun 2023 Hilda Baci ta yi girki a Lekki da ke Legas, agogon wurin ya nuna awa 100. Da hukumar kundin ta gama duba bidiyo, a ranar 13 ga Yuni ta amince da awa 93 da minti 11 kacal. Kusan awa bakwai aka zabtare saboda ta ƙara 'yan mintuna a wani hutu da ta yi tun da farko. Dokar gwajin dogon zango ita ce hutun minti biyar bayan kowace awa guda, kuma ana iya tara shi a ci a dunƙule. Duk da haka ta doke 'yar Indiya Lata Tondon mai awa 87 da minti 45. A Nuwamban shekarar aka sanar cewa Alan Fisher ɗan Ireland ya wuce ta da awa 119 da minti 57. Ita ma ba ta zauna ba, a Satumban 2025 ta dafa shinkafa dafa-duka mai nauyin kilo 8,780 a Legas, aka sake ba ta shaida.

Wasu kuwa ba su yi wannan sa'a ba. A Tamale da ke arewacin Ghana, Failatu Abdul-Razak ta shafe awa 227 tana girki a Janairun 2024, gari ya cika ya batse, amma aka ƙi amincewa saboda saɓa dokar hutu. Tunde Onakoya ya buga dara irin ta Turawa na awa 60 a New York a Afrilun 2024, sai da ya koma a Afrilun 2025 ya yi awa 64 tare da Shawn Martinez sannan sunansa ya shiga. A nan gida an ga waɗanda suka hau gwaji ba tare da sun rubuta wa hukumar ba, an ga waɗanda suka yanke jiki suka faɗi, har gwamnatin Ekiti ta hana wata gasar sumbata da aka shirya a Yulin 2023.

Ni ɗan falken shanu ne, kuma wannan doka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A kara, komai kyan sa, in ba dillali ba shaida, ranar da rigima ta tashi bakinka kaɗai ba zai fisshe ka ba. Haka kundin nan yake. Bai san tafin jama'a ba, shaida ya sani.

Sharuɗɗan da ya kamata a sani

Na farko, ana cika takardar nema a shafin intanet na hukumar kafin a fara komai. In bajinta ce da dama tana cikin kundin, nema ta hanyar da aka saba kyauta ne, sai dai amsa na iya ɗaukar makonni da dama. Bayan an yi gwajin an tura shaidu, dubawa ma na iya cin wasu makonnin. Mai gaggawa ko mai son alƙali ya zo da ƙafarsa shi ne ke biyan kuɗi mai kauri. Saboda haka duk wanda ya tare ka ya ce wakili ne, kawo kuɗin fom ya shigar da kai, ka riƙe aljihunka.

Na biyu, dole abin ya zama mai aunuwa da lamba ɗaya, kamar tsawo, nauyi, lokaci ko adadi, kuma wani a wata ƙasa zai iya maimaita shi ya karya. Ba a karɓar "wanda ya fi kowa iya gashi" ko "wadda ta fi kowa kyau".

Na uku, shaidu su zama 'yan ba-ruwanmu, ba ɗan'uwa ba, ba yaron shago ba. A dogon gwaji ana sauya su bayan awa huɗu, ga rajistar lokaci, ga bidiyo tun daga farko har ƙarshe ba yankewa. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan na nufin janareta, mai, da kyamara fiye da ɗaya.

Na huɗu, hukumar ba ta biyan ko sisi ga wanda ya ci. Takarda ce kawai. Waɗanda suka samu kuɗi, daga kamfanonin talla da masu ɗaukar nauyi suka samu. An kuma daina karɓar wasu abubuwa masu haɗari, irin su daɗewa ba barci, da duk abin da zai sa a cutar da dabba, kamar ɗura mata abinci don ta fi kowa ƙiba.

Shanu ma na ciki

Wannan ɓangaren ne ya fi jan hankalina. A 2019 an auna wani sa mai suna Poncho Via a jihar Alabama ta Amurka, tazarar ƙahoninsa daga tsini zuwa tsini ta haura santimita 323, wato sama da mita uku. Wata saniya Blosom a Illinois ta kai santimita 190 a tsaye. A Bangladesh kuma an yi Rani, 'yar mitsitsiya mai tsayin santimita 50.8, wadda sai bayan ta mutu a 2021 aka amince da ita. Wani sa mai suna Lurch, jinsin Watusi na Gabashin Afirka, kaurin ƙahonsa ya kai santimita 95.25 a 2003.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Legas, ko Akinyele a Ibadan, ko Lokpanta a Abia, ya ga Rahaji masu ƙaho kamar reshen bishiya, ya ga Bunaji da Bokoloji, wataƙila har da Kuri na Tafkin Chadi masu kumburarren ƙaho. Mu dai a kasuwa da ido muke kimanta dabba, a yi ciniki, a loda a tirela, gobe tana mayanka. Ba mai ɗauko tef. Su kuwa can sun auna, sun kira likitan dabbobi ya sa hannu, sun ajiye hoto.

Shawara ga mai sha'awa

Kallon shirin nishaɗi ne, ba laifi. Amma mai son shiga, musamman mu da ke zaman neman abinci a Kudu, ya fara lissafi tukuna. Kwana huɗu ba ka buɗe shago ba asara ce, kuɗin fili da mai da abincin shaidu daga jarinka za su fita. Ka zaɓi abin da hannunka ya riga ya saba da shi, ka ga likita, ka sanar da Sarkin Hausawan unguwarku da hukuma kafin tara jama'a, ka tsara hutunka yadda salla ba za ta kuɓuce maka ba. Sama da komai, kada ka kunna murhu ko ka ɗaura igiya sai dokokin sun iso hannunka a rubuce, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya sa mu dace, ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema.