Asalin Dagaci da Kansila a Ƙasar Watari

Watari kogi ne da ke arewa maso yammacin birnin Kano. Yana ratsa ƙasar Bagwai, ya gangara ya zuba a Challawa. Ƙasa ce ta manoma, gona na bin gona, gida na hangen gida. Inda kuwa mutane suka yi yawa, fili ya yi kaɗan, dole a sami mai raba gardama. Daga nan sarautar ƙauye ta samo tushe.

A zamanin da, in mutum ya sari daji ya kafa bukka, wasu suka biyo shi, to shi ne mai gari. Baƙo in ya zo neman wurin noma, a ƙofarsa zai sauka, ya kai shi ya nuna masa fili, a dasa gamba a kan iyaka. Da gari ya bunƙasa sai ya rabu unguwa-unguwa, kowace da mai unguwarta, na samansu shi ne dagaci. Ba takarda, ba awo. Sanin wane ya gaji wannan gona, wane aka ba aro, wane ya karɓi jingina, duk a kan dagaci da dattawansa yake.

Hakimai kuwa a birni suke zaune, kusa da Sarki. Garuruwan hakimi ɗaya a warwatse suke, wani a gabas, wani a yamma, sau da yawa bai taɓa taka su ba. Jakadansa yake aikowa bayan kaka, ya karɓi kuɗin ƙasa da na rafi da na karofi, a ƙirga wuri a ɗora wa jakai. Jakada ya ɗebi nasa, hakimi ya ɗebi nasa, saura ya isa fada.

Ana nan sai Turawa suka ci Kano a 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Razdan na lokacin, Dakta Cargill, ya ga wannan tsari ba zai kawo masa kuɗin da yake so ba. Sai ya haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka ya yi su gunduma-gunduma, ya ce kowane hakimi ya bar birni ya koma cikin talakawansa, a daina aiken jakadu. Saboda haka Kanawa suka yi masa laƙabi da Mai Gunduma. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa masu sarauta albashi. A wasu gundumomin kuma aka fito da malaman taki: malami ya shiga gona yana taku yana ƙirgawa, tsawo da faɗi, mai gona na biye da shi gabansa na faɗuwa, don yawan takun shi ne yawan harajinsa.

A nan ne, a ganina, aka yi wa dagaci illa. Da shi mai ba da gona ne, sai ya zama mai karɓar haraji. In kuɗin garinsa bai cika ba, rawaninsa na cikin haɗari, shi kuwa sai ya matsa wa mai unguwa, mai unguwa ya matsa wa talaka. Magidanci ya sayar da akuya ko damin gero don ya karɓi 'yar takardar nan, ya naɗe ta a laya, don ko kasuwa za shi ana iya tare shi a ce ya nuna. Wannan ƙunci na cikin abin da ya sa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta sami kunnen mutanen ƙauye.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e. A 1976 gwamnatin soja ta kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya, da ciyaman da kansiloli. Asalin kansila irin na yau ke nan. Ɗan jiya ne in aka kwatanta shi da dagaci. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979, ya soke haraji da jangali. A tsakanin 1977 da 1980 kuma aka gina madatsar ruwa ta Watari, noman rani ya kankama, shinkafa da albasa da tumatir suka samu, gonar bakin kwata ta yi daraja, rigimar iyaka ta ƙaru. Aka ci gaba da yanka ƙasa har Bagwai ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar.

Sama ma ba ta zauna ba. A 2019 aka sa Bagwai ƙarƙashin sabuwar masarautar Bichi, a 2024 aka rushe masarautar, ƙasar ta koma Kano. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa kantomomi.

Yau kuɗin rijiya da asibiti da hanya a sakatariya suke, wurin mutanen da ke sauyawa kowane zaɓe. Amma in za a sayar da gona, ko magada sun saɓa, ko shanu sun yi ɓarna, ƙofar dagaci ake zuwa, a cire takalmi a durƙusa a ce ranka ya daɗe. Shi zai tashi ya taka har iyakar, ya kira maƙwabtan gonar huɗu su yi shaida, ya sa hannu a takardar ciniki, alhali abin da ake biyansa a wata bai taka kara ya karya ba.