Jean Mermoz: Jirgin ruwan da ya tashi daga jigilar fasinjojin Afirka ta Yamma ya koma yawon shaƙatawa

Jean Mermoz jirgin ruwa ne na fasinja mallakar Faransa, wanda aka ƙera a birnin Saint-Nazaire, ya kuma fara aiki a shekarar 1957. Tsawonsa ya kai kimanin mita 160. Kamfanin Fraissinet da Fabre ne ya sa aka ƙera shi domin zirga-zirga tsakanin Marseille da gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda yakan yada zango a Dakar da Konakiri da Abijan da Kwatano da Legas da Duwala, kafin ya tuƙe a Pointe-Noire ta ƙasar Kwango.

A wancan zamani, jirgin ruwa shi ne babbar hanyar zuwa Turai. Ma'aikacin gwamnati mai tafiya hutu, da ɗalibin da ya samu gurbin karatu, da ɗan kasuwa, da soja, duk ta teku suke bi. Mutumin Nijar da ke son zuwa Faransa yakan gangara da mota zuwa Parakou, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano, sannan ya shiga irin wannan jirgi. A cikinsa kuwa kowa da matsayinsa: akwai masaukin manya, da na masu matsakaicin hali, da na masu ƙaramin ƙarfi, sai kuma wani fage da aka keɓe wa sojoji. Tsarin ɗakunan jirgin tamkar hoton zaman mulkin mallaka ne, wanda a lokacin ya kusa kaiwa gargara.

Sunan da aka raɗa masa yana da ban mamaki idan aka dubi yadda ta kaya. Jean Mermoz matuƙin jirgin sama ne, Bafaranshe, wanda a 1930 ya ɗauki wasiƙu daga Saint-Louis ta Senegal ya tsallaka tekun Atlantika zuwa Natal a Brazil. Ya ɓace a teku a watan Disamban 1936, bayan ya tashi daga Dakar, birnin da har yau akwai unguwa mai sunansa. Sana'ar da wannan mutum ya share wa fage ita ce ta zo ta ƙwace wa jirgin ruwan kasuwa. Da jiragen sama masu gudu suka yawaita a shekarun 1960, tafiyar da ke cin mako biyu ta koma ta 'yan sa'o'i, fasinjoji suka janye, ƙasashen da suka samu 'yancin kai kuma suka fara kafa nasu kamfanonin jiragen sama.

Masu jirgin ba su yarda su yi asararsa ba, domin a lokacin bai wuce shekara goma sha uku a kan ruwa ba. Aka kai shi Genoa ta Italiya, aka sauya masa fasali, ya fito a 1970 da gajeren suna Mermoz, a ƙarƙashin kamfanin Paquet. An rushe bambancin da ke tsakanin masaukai, aka mayar da fasinjoji duka aji ɗaya, aka faɗaɗa wuraren cin abinci da na nishaɗi. Da can mutum yakan shiga jirgin ne don ya isa wani gari. Yanzu kuwa zaman cikin jirgin shi ne abin da ake biyan kuɗi a kansa. Ya yi suna a tsakanin Faransawa saboda girkinsa da bukukuwan kaɗe-kaɗe da ake shiryawa a cikinsa, yana kewaya Bahar Rum da tsibiran Karibiyan. Talakan Afirka da ya saba ɗauka kam, babu gurbinsa a wannan sabuwar rayuwa.

Takwaransa da 'yan Najeriya suka fi sani bai samu irin wannan sa'a ba. Shi ne Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda tun 1951 yake kai-komo tsakanin Liverpool da Legas, ta Freetown da gaɓar Ghana. Ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974, sannan attajirin Girka John Latsis ya saye shi, ya sauya masa suna zuwa Marianna VI, aka girke shi a Jidda ya zama masaukin ma'aikata.

Shi kuwa Mermoz ya shafe kusan shekara talatin yana wannan aiki. A 1999 aka sayar da shi ga kamfanin Louis na ƙasar Cyprus, wanda ya kira shi Serenade, ya ci gaba da gajerun tafiye-tafiye a gabashin Bahar Rum. A 2008, bayan shekara hamsin da ɗaya a kan ruwa, aka tura shi Alang a gaɓar tekun Indiya, inda ake farfasa tsofaffin jirage a sayar da ƙarafunansu. A can ne ma aka farfasa Aureol tun a 2001.