Sakatar Bindigar Toka

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar muhajirai gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Bindigar da mutanen zamanin suka fi sani ita ce ta toka, domin yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Beljiyam a 1890 ta taƙaita shigo da bindigar zamani, ta bar mana mai ƙanƙara da albarushi.

Ta baki ake ɗura ta, ɗurin kuwa yana cin lokaci, shi ya sa maharbi ke yawo da ita a ɗure. In ya yi tuntuɓe ta tashi, wanda ke gabansa za ta samu.

Maƙera sun daɗe da neman magani. A Faransa, wajen 1610, aka yi wa ƙarfen da ke cije da ƙanƙara gurbi biyu: a na farko ko an danna kunama ba ya sauka, a na biyu ake harbi. Maƙeran Ingila kuwa ƙugiya suka sa a bayansa, tana riƙe shi kamar sakatar ƙofa.

Sai dai gurbi yana cinyewa da tsufa. Duk wanda ya gaji irinta a ƙauyukanmu na Jazira, ya ɗauka a ɗure take, ya kai wa maƙeri kafin yaro ya taɓa. Allah Ya jiƙan magabata.