Magajiyar Mayflower: Abin Kunyar da Aka Gani da Wanda Ba a Ƙirga Ba

A makalarmu ta wannan mako mun leƙa birnin New York na Amurka, domin mu duba wata badaƙala da ta tashi a 1984 da abin da ta tona game da kalmar nan da muke yawan tinƙaho da ita, wato asali.

A watan Oktoba na shekarar ne 'yan sanda suka kai samame ofishin wani kamfani mai suna Cachet a Manhattan. Sana'ar kamfanin ita ce haɗa attajirai da 'yan mata a biya kuɗi. Mai shi tana fakewa da sunan Sheila Devin, amma ba a jima ba 'yan jarida suka gano cewa sunanta Sydney Biddle Barrows. Nan gari ya ɗauka.

Ba sana'ar ce ta girgiza mutane ba, domin New York ba ta rasa magajiyoyin karuwai. Gidan da ta fito ne abin mamaki. Dangin Biddle manyan Philadelphia ne, kuma daga cikinsu aka samu Nicholas Biddle, shugaban Bankin Amurka na Biyu da ya yi fito-na-fito da Shugaba Andrew Jackson. Sannan tsatsonta ya kai ga William Brewster, dattijon addini na Turawan da suka iso a jirgin ruwa mai suna Mayflower a 1620. Shi ya sa jaridar New York Post ta laƙaba mata suna Mayflower Madam, wato Magajiyar Mayflower.

Ta buɗe Cachet a 1979 bayan ta yi karatun harkar tufafi, ta kuma tafiyar da shi kamar kanti, da ƙa'idar sutura da ta magana. A 1985 ta amsa ƙaramin laifi, aka ci ta tarar dala 5,000, ba ta yi zaman gidan yari ba. A 1986 ta fitar da littafin tarihinta, a 1987 aka mayar da shi fim, Candice Bergen ta fito a matsayinta. Mazan da ke biyan kuɗin kuwa, babu wanda aka gurfanar.

To, mene ne wannan asali da aka ce ta ɓata? Mayflower ya taso daga Ingila da fasinja 102, kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko. Wurin da suka kafa garin Plymouth kufai ne na Patuxet, ƙauyen 'yan asalin ƙasar da annoba ta share tsakanin 1616 da 1619. Mutanen Wampanoag, ƙarƙashin sarkinsu Massasoit, su suka ƙulla amana da baƙin, wani mai suna Tisquantum ya koya musu noman masara har suka rayu.

Shekara 55 bayan isowarsu, gonakin baƙi sun cinye ƙasar masu gida. Yaƙi ya ɓarke a 1675 ƙarƙashin Metacom, ɗan Massasoit. A 1676 aka kashe shi, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth, aka sayar da ɗansa bawa zuwa ƙetaren teku. Brewster ya rasu tun 1644, ba shi da hannu a ciki, amma garin da suka kafa ne ya aikata. Duk da haka a 1897 jikoki suka kafa babbar ƙungiyar zuriyar Mayflower, zama ɗan cikinta ya zama tambarin daraja.

Ba mu zo wanke Barrows ba. Cin riba da jikin 'ya'yan mutane laifi ne, ko wace irin riga aka sa masa. Abin da ya tsaya mana shi ne ma'aunin. Laifin mace ɗaya an kira shi tabo ga zuriya, amma ƙwace ƙasa da sayar da yaro ba su taɓa rage wa sunan zuriyar kwarjini ba. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango nata.

Duk lokacin da muka ji an ce wane ɗan asali ne, ya kamata mu tambaya: wa ya rubuta tarihin gidan, kuma wa aka bari a waje?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.